Mahaɗar bim da ginshiƙi a ginin ƙarfe: tambayoyi da amsoshi kan girgizar ƙasa a Akra

Aikina lissafin ginin ƙarfe ne, kuma a Nima na tashi, don haka ba na rasa masu tare ni da tambaya: Alhazan da ke son ɗora bene a kan shagunansu, masu walda, da ɗaliban injiniya da suka dawo hutu daga Kumasi. Kusan duk tambayoyin wuri ɗaya suke komawa, wato inda bim, ƙarfen da ke kwance yana ɗaukar nauyin bene, ya haɗu da ginshiƙi, wanda ma'aikata ke kira fila. Na tattara su a nan yadda ake yi mini su.

Injiniya, wai Akra ma ana girgizar ƙasa? Ba ta Japan da Turkiyya ba ce?

Ana yi, kuma an sha yi. A 1862 girgiza mai ƙarfi ta lalata gidaje da ganuwoyin Turawa na bakin teku, har da fadar Osu. Ranar 22 ga Yuni 1939 aka yi wadda tsofaffi suka fi ba da labarinta, mai maki wajen 6.5, ta kashe mutum 17, ta jikkata fiye da 130. A lokacin Akra ƙaramin gari ce, galibin gidajenta ƙasa-ƙasa ne. Bayan haka an ji ƙananan motsi a 1997, da Disambar 2018, da Yunin 2020, da Disambar 2022. Wanda yake zaune a Weija, Gbawe, McCarthy Hill, Dansoman ko hanyar Kasoa ba sai an ba shi labari ba.

Dalilin yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Akwai tsagar ƙasa ta Akwapim da ta gangaro daga arewa maso gabas, akwai kuma wata da ta bi gaɓar teku, kuma a yammacin Akra suke kusantar juna. Abin da ke yaudarar mutane shi ne tazarar da ke tsakanin manyan girgizar. Daga 1862 zuwa 1939 shekara 77 ne. Mutum zai iya yin rayuwarsa duka bai ga babba ba, amma ginin da ya gina zai iya riskarta.

Mene ne bambancin firam mai riƙe lanƙwasa, wato ƙashin gini na bim da ginshiƙi da aka ɗaure tamau, da rumfar ƙarfe da muka saba yi?

A rumfa ko sito na yau da kullum, bim yana zaune ne a jikin ginshiƙi da ƙaramin faranti da bolti biyu ko uku. Nauyin sama kawai wannan mahaɗar take ɗauka. In aka tura ginin ta gefe, sai ta juya kamar ƙyauren ƙofa, abin da ke hana ginin kwantawa kuwa shi ne ƙarafan gicciye da aka tokare shi da su.

Firam mai riƙe lanƙwasa ba shi da gicciye. Mahaɗar ce da kanta aka ɗaure tamau, ta yadda kusurwar da ke tsakanin bim da ginshiƙi ba za ta buɗe ko ta rufe ba. Masu shaguna da masu zanen gini suna son sa saboda yana barin gaban gini a buɗe, babu ƙarfen da ya gitta taga ko ƙofa. Sai dai duk aikin da gicciyen zai yi ya koma kan wannan ɗan wurin da bai fi faɗin sallaya ba.

Don mu fahimci juna a gaba: bim mai siffar harafin I yana da leɓen sama, da leɓen ƙasa, da ƙirji, wato farantin da ke tsaye tsakaninsu. Leɓɓan ne ke ɗaukar mafi yawan lanƙwasa, ɗaya ana jan sa, ɗaya ana matse shi. A girgiza suna musayar aiki sau da yawa cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Ai ƙarfe lanƙwashewa yake yi, ba ya karyewa. To ina abin damuwa?

Haka injiniyoyin Amurka ma suka ɗauka, shekara kusan talatin. Tun daga shekarun 1960 suna da mahaɗa guda da kowa ya yarda da ita: a yi wa leɓɓan bim walda mai ratsa kauri duka a fuskar ginshiƙi, a ɗaure ƙirjin da bolti. Ana ganin ta a matsayin mafi aminci cikin duk hanyoyin gini a yankin girgiza.

Ranar 17 ga Janairu 1994 girgizar Northridge, mai maki 6.7, ta afka wa yankin Los Anjeles. Da farko an ce gine-ginen ƙarfe sun tsira, don suna nan tsaye, babu wanda ya rushe cikin irin waɗannan firam ɗin. Da aka fara cire silin da rufin kariyar wuta, sai aka ga abin da ba a zata ba. A gine-gine fiye da ɗari, waldar ta tsage. Wasu tsagar ta tsaya a walda, wasu ta yago wani yanki na leɓen ginshiƙi, wasu kuma ta ratsa ginshiƙin kansa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne bim ɗin da yawa ko alamar lanƙwasa ba su nuna ba. Mahaɗar ta karye kamar busasshen kara tun kafin ƙarfen ya fara nuna danƙonsa.

Shekara guda cif bayan haka, 17 ga Janairu 1995, girgizar Kobe a Japan ta kashe mutum fiye da 6,000, kuma a can ma an ga irin wannan tsagewar a mahaɗun ƙarfe, duk da cewa salon haɗinsu daban ne. Hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ta ɗauki nauyin babban bincike da aka kira SAC, aka gwada mahaɗu masu cikakken girma a ɗakunan gwaji na jami'o'i, aka fitar da sakamakon a 2000 cikin jerin FEMA 350 zuwa 353. Kusan duk abin da muke yi yau daga nan ya fito.

Ƙarfe yana da danƙo, gaskiya ne. Amma danƙo ba halin da yake bin ƙarfe ko'ina ba ne. Ƙarfen da ke da tsaga a jikinsa, ko aka ɗaure shi ta kowane gefe ya rasa inda zai miƙe, gautsi yake yi kamar tangaran. Walda a fuskar ginshiƙi ta haɗa waɗannan matsaloli biyun.

Me ya sa leɓen ƙasa ne ya fi tsagewa?

Wannan tambayar masu walda ne suka fi gane amsarta, don hannunsu ya sani. A leɓen sama, mai walda yana jan sandarsa daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da tsayawa ba. A leɓen ƙasa kuwa ƙirjin bim ya tsaya masa a tsakiya. Dole ya zura sandar ta ɗan ramin da aka yanka a ƙirjin, ya tsaya, ya zagaya ɗaya gefen ya ci gaba. Nan tsakiyar, inda aka tsaya aka sake farawa, shi ne inda dattin walda ke maƙalewa kuma narkewar ba ta cika ba. Shi ne kuma daidai inda ja ya fi tsanani.

Sai ƙarfen da ake sawa a ƙarƙashin walda don ya tare narkakken ƙarfe. A da barin sa ake yi a wurin. Tsakaninsa da fuskar ginshiƙi akwai siririn gibi da bai narke ba, wanda a idon ƙarfe tsaga ce da aka riga aka fara. A leɓen ƙasa wannan gibin yana can ƙasan ƙarshe, inda ja ya fi yawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan mu muka tsaga masa bangon da hannunmu. Ƙari a kan haka, dakin kankare, wato daɓen benen da ke kan bim, yana taimaka wa leɓen sama, ya bar na ƙasa da kaso mafi nauyi. Wayar waldar da aka fi amfani da ita a Kalifoniya a lokacin, E70T-4, tana da saurin aiki amma ba ta da juriyar tsaga.

Yanzu ƙa'ida ta ce a cire ƙarfen tarewar a leɓen ƙasa, a kankare saiwar waldar har a kai lafiyayyen ƙarfe, a sake cikewa, a ƙara waldar kusurwa ta milimita 8. A leɓen sama ana iya barin sa, amma a haɗa shi da ginshiƙi da waldar kusurwa. Ramin zura sanda ma yana da siffar da aka tsara masa, kuma dole a goge shi sumul.

To mene ne tushen gyaran? A ƙara wa waldar kauri ne?

A'a. Tushen shi ne injiniya ya zaɓi inda ginin zai ji rauni, kada ya bar wa girgiza zaɓin. Babu wanda ke lissafa gini ya fita daga babbar girgiza ba ko ƙwarzane, don kuɗin ya wuce hankali. Ana barin wani wuri ya lanƙwashe ya shanye ƙarfin girgizar, kamar yadda fis yake ƙonewa don talabijin ta tsira. Wurin da aka zaɓa shi ne jikin bim, ɗan nesa da fuskar ginshiƙi. Ina kiran sa gwiwa, don a nan bim ke durƙusawa ya miƙe, ya sake durƙusawa, ba tare da ya rabu ba.

Hanya biyu ce ake kai gwiwar can. Ko a ƙarfafa bakin mahaɗar da faranti ko haƙarƙari har ya fi bim ƙarfi, ko a rage wa bim ƙarfi da gangan a inda ake so. Bayan nan sai a lissafa walda, bolti, faranti da ginshiƙi, ba da nauyin da kwamfuta ta bayar ba, da iyakar abin da gwiwar nan za ta iya turo musu ranar da ta kai maƙura.

Ga awon da ake nema. A kundin Amurka, AISC 341, mahaɗar firam na musamman, wato ajin da aka fi neman danƙo a cikinsa, dole ta jure karkacewar hawa ta 0.04 tana riƙe da aƙalla kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin bim. In tsayin hawa mita 3.5 ne, saman hawan zai gusa santimita 14 daga ƙasansa, hagu da dama, a maimaita. Firam matsakaici 0.02 ake nema, wato santimita 7. Ba a tabbatar da wannan da alƙalami kaɗai, sai da gwaji. Shi ya sa aka fitar da AISC 358 a 2005, kundin mahaɗun da aka riga aka gwada aka amince da su, kowace da iyakokinta. Wanda ya fita daga iyakokin ya fita daga amincewar.

Na sayi ƙarfe da tsada, injiniya ya ce a yanke gefen bim ɗin. Wannan ba ɓarna ba ce?

Alhaji, na san yadda abin yake a ido. Mutum ya biya kuɗin ƙarfe da kilo, sannan a zo a gutsure masa leɓe. Amma wannan yankan yana cikin dabaru mafi kyau da aka samu. Sunansa a takarda RBS, ma'aikata kuma suna ce masa ƙashin kare, don in ka leƙa bim ɗin daga sama siffar da za ka gani ke nan. Kamfanin ƙarfe na Arbed a Laksambog ne ke da haƙƙin mallakar dabarar a da, bayan Northridge ya sake ta kowa ya yi amfani da ita.

Ana yanke leɓen sama da na ƙasa ta gefe biyu, yanka mai siffar baka. Wurin ya zama mafi rauni a bim, don haka nan ne zai fara lanƙwashewa, kuma ƙarfin da zai isa ga waldar fuskar ginshiƙi ya ragu. Awon a ƙayyade yake. Yankan yana farawa a tazarar rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na faɗin leɓe daga fuskar ginshiƙi. Tsawonsa kashi 65 zuwa 85 cikin ɗari na zurfin bim. Zurfinsa a kowane gefe kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari na faɗin leɓe, wato ba a cire fiye da rabin leɓen. A bim mai zurfin milimita 400 da leɓe mai faɗin 180, yankan zai fara tsakanin milimita 90 da 135 daga ginshiƙi, tsawonsa 260 zuwa 340, zurfinsa 18 zuwa 45 a kowane gefe.

Nauyin yau da kullum ba ya shan wahala sosai, don a irin wannan firam yawanci karkacewa ce ke sa a zaɓi babban bim, ba nauyi ba. Firam ɗin yana ɗan ƙara laushi, kuma injiniya yana sa wannan a lissafi.

Inda nake jan kunne shi ne yadda ake yankan. In yaron shago ya ɗauki wutar gas ya yanka da hannu ya bar haƙora-haƙora, to an ƙera tsaga a daidai wurin da aka ce ƙarfe ya fi wahala. Sai an bi ma'auni, an goge da giranda a bi tsawon bim, har yatsa ya wuce ba ya jin komai. Kuma leɓen da aka rage yana son gocewa gefe, don haka bim ɗin yana buƙatar abin da zai riƙe shi, dakin kankare ko tokari.

Me ake nufi da ginshiƙi ya fi bim ƙarfi?

In bim ya durƙusa, hawa ɗaya ne ya ji ciwo a wuri ɗaya, kuma ginin yana tsaye. In ginshiƙan hawa ɗaya suka durƙusa sama da ƙasa, duk abin da ke kansu ya sauko. Kundin Turai, Yurokod 8, ya ce a kowace mahaɗa jimillar ƙarfin lanƙwasar ginshiƙai ta kai aƙalla ninki 1.3 na jimillar ta bim.

Wannan ya shafe mu ƙwarai saboda yadda muke gini a Nima, Mamobi da Madina: ƙasa shaguna masu faɗin ƙofa, sama ɗakunan haya cike da bangon bulo. Saman ya yi tauri, ƙasan ya yi laushi, sai duk karkacewar ta taru a hawan shaguna. Sau da yawa kuma hawan ƙasan ya fi sauran tsayi. Duk kyan mahaɗa ba ta ceton ginin da aka tsara haka sai an gyara tsarin.

Dila ya ce zai ba ni ƙarfen da ya fi wanda aka rubuta ƙarfi, a kuɗi ɗaya. In karɓa?

Kada ka karɓa sai injiniyanka ya sake lissafi. In an lissafa bim da ƙarfe mai lamba S275 aka kawo S355 da ya fi shi ƙarfi, gwiwar ba za ta durƙusa a lokacin da aka tsara ba. Za ta ci gaba da turo ƙarfi zuwa walda da ginshiƙi, waɗanda ba a shirya su da wannan ba. Ka sa wayar ƙarfe a madadin fis ke nan.

Ko ƙarfen da aka rubuta ma yakan fi lambarsa. Shi ya sa Yurokod 8 ke ninka ƙarfin bim da 1.25, sannan da 1.1, kafin a lissafa mahaɗa, wato kusan kashi 38 cikin ɗari a sama. Amurkawa suna ninka ƙarfen A992 da 1.1, tsohon A36 kuwa da 1.5, kuma sun sa wa A992 iyaka ta sama don kada ya wuce gona da iri. Tunda manyan bim ɗinmu ta tashar Tema suke shigowa daga ƙasashe daban-daban, ka nemi takardar masana'anta, ka duba lambar narkin da ke jikin ƙarfen ta yi daidai da ta takarda. In babu, a yanki ɗan guntu a kai gwajin ja.

Su waɗannan ƙananan farantan da ake sawa cikin ginshiƙi, dole ne?

Yawanci dole ne, kuma su ne aka fi mantawa don ba sa ɗaukar ido. Iri biyu ne. Na farko ana sa su a kwance cikin ginshiƙi, daidai saitin leɓɓan bim, don jan da leɓen bim ke yi ya ratsa ginshiƙin maimakon ya banƙare leɓensa. In babu su, ja yana taruwa a tsakiyar walda, inda muka ce ta fi rauni.

Na biyu ya shafi ƙirjin ginshiƙi da ke tsakanin leɓɓan bim biyu, ɗan murabba'in nan. Leɓen sama yana jan sa gabas, na ƙasa yana tura shi yamma, sai ya nemi karkacewa. Ɗan lanƙwasa a nan ba laifi ba ne, yana ma shanye ƙarfi. In ya yi yawa sai leɓen ginshiƙi ya tanƙware daidai bakin walda ya tsaga ta. Maganinsa a liƙa wa ƙirjin ƙarin faranti. Ni dai in aka ba ni zaɓi na fi son a ɗauki ginshiƙi mai kauri a huta, don kuɗin ƙarin ƙarfen sau da yawa bai kai na wahalar waldar faranti a lungu ba, kuma kowace walda da aka rage kuskure ɗaya ne aka rage.

Walda ko bolti, wanne ya fi dacewa da mu a nan?

Ra'ayina a fili yake: walda a shago, bolti a wurin gini. Mahaɗar da na fi ba da shawara ga gini mai hawa biyu zuwa biyar ita ce ta faranti a bakin bim. Ana walda farantin mai kauri a ƙarshen bim tun a shago, ya zarce leɓɓan sama da ƙasa, sannan a wurin gini a ɗaure shi da leɓen ginshiƙi da manyan bolti. AISC 358 ya amince da iri uku: mai bolti huɗu a kowane leɓe, mai huɗu da haƙarƙari, da mai takwas da haƙarƙari.

Dalilina ba wai masu waldarmu ba su iya ba ne. Na ga hannaye a zango da ba na jin kunyar nuna aikinsu ko'ina. Amma a shago ana kwantar da ƙarfe, a juya shi yadda ake so, babu iskar teku, kuma mai dubawa yana iya zuwa ya ga komai a ƙasa. A sama kuwa mutum yana rataye a hawa na huɗu, janareta na hawa da sauka, ɗan kwangila na ƙasa yana duba agogo saboda kuɗin hayar kiren.

Bolti ma yana da nasa sharuɗɗa. Ya zama mai daraja 8.8 ko 10.9 da hatimi a kansa, kuma a ɗaure shi har ya kai jan da aka ƙayyade, ba iya ƙarfin hannun yaro da sifana ba. In rami bai zo daidai ba, kada a faɗaɗa shi da wutar gas. Na taɓa zuwa duba wani gini na tarar an ƙona ramuka har bolti na rawa a ciki, an rufe da wasa, wato zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin kan bolti, don kada a gani. Sai da aka sauke bim shida. Farantin kuma ya yi kaurin da ba zai lanƙwashe ya riƙa ɓamɓarar bolti ba.

Ni mai walda ne, shekarata ashirin ina aiki da sandar walda 6013. Me zai hana ta yi wannan?

Masta, 6013 ta yi maka ƙofa, taga da tankin ruwa, kuma babu mai raina ta. Amma waldar leɓen bim a firam na girgiza tana cikin waɗanda kundi ya ware a matsayin masu haɗari, kuma ana neman ƙarfen walda mai juriyar tsaga da aka gwada. Gwajin da ake kira Charpy ake yi: a yi wa ɗan guntu tsaga, a buge shi da guduma mai lilo, a auna ƙarfin da ya sha kafin ya karye. Ƙa'idar Amurka tana neman jul 27 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, da jul 54 a digiri 21. Zafin garinmu yana taimakon ƙarfe, amma bai soke sharaɗin ba.

A waldar sanda, irin 7018 ake nufi, mai ƙarancin haidurojin. Ita kuma tana shan danshi, kuma ka san iskar Akra. In kwalin ya kwana a buɗe, danshin yana shiga walda ya haifar da tsaga da ba ta fitowa sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Tanda take so, daga tanda zuwa hannu. Ƙarfe mai kauri kuma a ɗumama shi kafin a fara. Bayan an gama, a kira mai na'urar sauti ya duba cikin waldar, don ido fata kawai yake gani. Wannan ba rashin yarda da kai ba ne. A Los Anjeles ma ƙwararru ne masu takarda suka yi waldar da ta tsage.

An gama firam, mai famfo yana son huda bim ya wuce da bututu kusa da ginshiƙi. Akwai matsala?

Akwai. Yankin gwiwa haramtaccen wuri ne: ba huda, ba walda, ba ɗigon walda don rataye silin, bututu ko ƙafar na'urar sanyaya ɗaki. Ƙaramin ɗigo ɗaya yana iya zama mafarin tsaga. A shafa wa wurin fenti mai launi daban tun a shago, a gaya wa foman dalili. Haka nan in za a haɗa ginshiƙi da ginshiƙi, a yi shi aƙalla mita 1.2 daga leɓen bim.

Wane kundi ake bi a Gana?

Muna da kundin gini na ƙasa, GS 1207, wanda Hukumar Ƙa'idojin Kaya ta Gana ta fitar a 2018. Bayanin girgizar ƙasa yana hannun Hukumar Binciken Ƙasa, sannan akwai masana a jami'ar KNUST da cibiyar binciken gini da hanyoyi da ke Fumesua kusa da Kumasi. A ofisoshi za ka tarar wasu sun taso da kundin Ingila, wasu Yurokod, wasu na Amurka.

Abin da nake gargaɗin ɗalibai a kai shi ne gauraya. Kowane kundi yana ba ka rangwame a kan ƙarfin girgiza gwargwadon danƙon da ka yi alkawari. A Amurka ana raba ƙarfin da 8 a firam na musamman, 4.5 a matsakaici, 3.5 a na gama-gari. A Yurokod firam mai matsakaicin danƙo yana samun 4, kuma gwiwarsa dole ta iya juyawa 0.025, mai babban danƙo 0.035. Rubuta 8 a kwamfuta daƙiƙa ɗaya ne, ƙarfe ya ragu, mai gini ya ji daɗi. Amma bashi ne ka ci, kuma da mahaɗa ake biyan sa. Wanda ya ɗauki rangwamen firam na musamman ya zana mahaɗar rumfa ya yi wa ginin ƙarya. In ka san ba za a samu mai duba walda ba, ɗauki ƙaramin rangwame ka sa ƙarfe mai yawa.

Ni a Kumasi zan yi gini. Duk wannan ya shafe ni?

Haɗarin Kumasi bai kai na Akra ba, don tana nesa da tsagogin bakin teku. Sito ko masallaci mai hawa ɗaya da rufin kwano ba ya buƙatar ƙashin kare, iska ce ma ta fi damun sa. Ko a Akra, in tsarin gini ya ba da dama, gicciye ko bangon kankare a jikin matakala yakan fi firam mai riƙe lanƙwasa sauƙi da araha. Ƙasar wurin ma tana da magana: fili mai laushi ko cikakke, irin na kusa da kogin Odo da tafkin Korle, yana ƙara girgiza fiye da dutse, don haka a gwada ƙasa kafin a zana komai.

Tsatsa fa?

Iskar gishiri daga Jamestown har Teshie tana cin ƙarfe, kuma lungunan mahaɗa take fara ci, inda ruwa ke kwanciya kuma buroshi ba ya isa. A yi fenti mai kyau ko a tsoma a tutiya, a bar hanyar da ruwa zai fita, a kuma bar wurin da za a iya leƙawa.

Ginina ya riga ya tsaya. In aka yi motsi, me zan duba?

Ƙananan motsin da muke ji, masu maki huɗu ko ƙasa da haka, ba su cika taɓa firam mai lafiya ba. In an yi mai ƙarfi, kada tsayuwar gini ta ruɗe ka, don na Northridge ma suna tsaye. Duba ko ƙofofi sun daina rufuwa, ko lif yana gogar bango, ko ginin ya ɗan karkata. Sannan a kira injiniya mai rajista ya buɗe silin a wasu mahaɗu, musamman na hawan ƙasa da na kusurwa. Zai duba ƙarƙashin leɓen ƙasa da tocila, ya nemi siririn layi a bakin walda, fentin da ya ɓare a jikin bim ko a ƙirjin ginshiƙi, da boltin da ya saki ko ya gusa. In ya ga tsaga a ɗaya, sai a buɗe maƙwabtanta.

Tsohon gini ana iya ƙarfafa shi ba sai an rushe ba. Ana cire ƙarfen tarewa a sake waldar leɓen ƙasa da sanda mai kyau, ko a walda ƙarfe mai kusurwa uku a ƙarƙashin bim don ya kawar da gwiwar daga fuskar ginshiƙi, ko a ƙara gicciye a inda shago zai iya haƙura da shi. Kafin a taɓa kowace walda sai an tokare bim ɗin daga ƙasa, kuma a kwashe kayan da ke kan dakin.